Abubakar Imam: Editan da jaridarsa ta kwabo ɗaya ta raini siyasar Arewa

Ma'aikacin da aka danne wa haƙƙi ya ɗauki takardarsa ya nufi Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da ke Maitama, da maniyyacin da ke jiran Hukumar Alhazai ta sanar da ranar tashinsa, ba lalle su san cewa akwai mutum ɗaya da ya sa hannu a farkon waɗannan ayyuka biyu ba. Sunansa ba baƙo ba ne. Duk wanda ya zauna a aji a ƙasar Hausa ya gamu da Alhaji Abubakar Imam ta hanyar Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja. Sai dai shaharar littattafan ta lulluɓe aikin da ya fi tasiri a rayuwarsa, wato shekara 12 da ya yi yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ta fuskar kuɗi ba, amma a shafukanta aka yi rainon jam'iyyar da ta mulki Arewa, ta kuma jagoranci gwamnatin tarayya har zuwa 1966.

An haife shi a Kagara a 1911, garin da ke cikin Jihar Neja a yanzu. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, don haka da allo ya fara. Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya ja shi zuwa Katsina inda ya shiga boko. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927 ya fita a 1932, ya kama koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Kwalejin nan ita ce ta yaye kusan duk waɗanda suka riƙe Arewa daga baya, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, har da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda a zamaninsa masarautarsa ta ba da sunanta ga sabon babban birnin ƙasa ta koma Suleja.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara da talifi na Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta. Akwai Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Hausar matashin malamin ta burge East, ya nemi a ba shi aronsa, Imam ya je Zariya a 1936 ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka tashi kafa jarida, ba a yi dogon neman edita ba.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Dalilin kafa ta ba boyayye ba ne. Yaƙi na ƙaratowa a Turai, jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, kuma jaridun Ikko sun fara ratsowa Arewa ta jirgin ƙasa da zafafan maganganu a kan mulkin mallaka. Gwamnati na son bakin da za ta yi magana da talakawa da shi. A taƙaice, jaridar hukuma ce, da kuɗin hukuma, Bature na zaune a samanta. Muƙamin da aka ba Imam ma editan Hausa ne, ba edita kai tsaye ba.

Matsalolinta sun fara tun daga fitowar farko. Masu iya karatun boko 'yan kaɗan ne, malamai da 'yan kasuwa da ajami suka saba, wasu kuma suna ƙyamar duk abin da aka rubuta da baƙin Nasara. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa takarda ta yi wuya. Babu 'yan talla a ƙauyuka, sai ta hannun ofisoshin En'e da malaman makaranta jaridar ke isa ga jama'a. Tallace-tallacen kamfanoni da ke riƙe jaridun Kudu ba su da yawa a Arewa, kwabon mai karatu kuwa bai isa ya biya tawada da albashi ba. Abin da ya cece ta shi ne al'adar karatu a bainar jama'a. Kwafi ɗaya zai shiga zaure ko gindin bishiya, mai ilimi ɗaya ya karanta, mutum goma ko fiye su saurara, gobe a wuce da shi wata unguwa. Saboda haka Imam ya riƙa rubutu don kunne, da gajerun jimloli da karin magana da barkwanci, irin Hausar da dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai ji ya gyaɗa kai.

Babbar dabararsa ita ce buɗe shafin wasiƙu. A zamanin da talaka ba ya iya ɗaga ido gaban hakimi, sai ga wuri da malamin makaranta a Bauchi ko akawun kanti a Gusau zai rubuta kukansa a kan cin hanci a kotun alƙali, ko aikin tilas, ko yadda ake karɓar haraji da jangali, a buga, Razdan ya gani, Sarki ma a karanta masa. Imam yakan tace, yakan sassauta harshe, yakan kuma bi wasiƙa da nasa sharhin. Bai taɓa neman a rushe sarauta ba. Gyara yake nema: sarakuna su riƙa shawara, a ba 'yan boko wuri a majalisunsu, a yawaita makarantu. Wannan matsayi na tsaka-tsaki ya jawo masa suka ta fuska biyu. Wasu sarakuna da Turawan mulki na ganin yana zuga yara, matasa masu zafin ra'ayi kuma na ganin ɗan amshin shatar gwamnati ne. Mai adalci zai ce kowane ɓangare na da ɗan abin kamawa, domin jaridar ta faɗi abin da ba a saba faɗa ba, ta kuma yi shiru a inda mai biyan kuɗin takarda ba ya son a taɓa.

A 1943 aka gayyaci 'yan jarida takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su ziyarci Birtaniya. Imam ne kaɗai daga Arewa. A cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot, wanda ya shirya takardar neman a ba ƙasashen mulkin kai cikin shekara 15. Imam ya ƙi sa hannu. Hujjarsa ita ce bai zo da yawun mutanen Arewa a kan wannan magana ba, kuma yankin da ba shi da likitoci da injiniyoyi da manyan akawuna na kansa, in aka ba da mulki a lokacin, canjin ubangida kawai zai yi. Jaridun Ikko sun yi masa ca. Amma a wannan tafiyar ce ya gana da Lugard, wanda ya shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya zayyana masa illolin tsarin ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya kuma bi bayanin da wasiƙu: Turawa ba sa jin kowa sai sarki, sarki ba ya jin kowa sai fadawa, matashin da ya yi karatu ba shi da inda zai kai shawara. Maganar ta isa kunnen Gwamna Arthur Richards a Ikko. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka mayar da ofishin talifin kamfani mai zaman kansa da sunan Gaskiya, aka gina masa maɗaba'a a Tudun Wadan Zariya da kuɗin gwamnati. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. An yi fatan cinikin littattafai da aikin ɗab'i su riƙe jaridun, amma lissafin bai fita yadda aka so ba, kamfanin ya ci gaba da dogara da hukuma. Zumuncin Imam da East ma ya yi tsami a waɗannan shekaru, a kan wane ne ke da ta cewa game da abin da za a buga da kuma matsayin ma'aikata 'yan ƙasa. Duk da haka, harabar Gaskiya ta zama wurin da 'yan bokon Arewa ke haɗuwa. A nan Nuhu Bamalli ya yi aiki kafin ya zama minista.

A lokacin, ƙananan ƙungiyoyin tattaunawa sun riga sun tsiro a garuruwa. A Bauchi akwai su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa, a Sakkwato akwai su Shehu Shagari, haka a Kano da Zariya da Kaduna. Babu waya, babu rediyon Arewa, ba kowa ke da kuɗin jirgi ba. Ta shafukan Gaskiya suka san da zaman juna. A 1948 tarurrukan Zariya da Kaduna suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yuni na 1949. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, ya zama shugaba, Imam ya zama ma'aji. An ce ƙungiyar al'adu ce ba ta siyasa ba, manufarta yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, don kada sarakuna su tsorata, kuma don ma'aikatan gwamnati su iya shiga. Editan babbar jaridar Hausa ta yankin ya zama mai riƙe da asusun ƙungiyar da jaridarsa ke ba da labarinta. A lokacin ba wanda ya ga aibin haka, tunda ba a fara neman ƙuri'a ba.

Shekarar 1950 ce ta sauya komai. A taron Ibadan na tsara sabon kundin mulki, wakilan Arewa suka dage sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya, suka kuma samu. Ranar 8 ga Agusta wasu matasa a Kano suka kafa NEPU, jam'iyyar da ta fito fili ta ce talakawa take wa yaƙi da mulkin En'e. A watan nan ne Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurinsa a majalisar Kaduna na neman a gyara tsarin En'e, wanda kusan duk abin da ke cikinsa an sha tattauna shi a Gaskiya. A taron Jos na watan Disamba aka raba gari tsakanin masu sassauci da 'yan NEPU. Su Aminu Kano suka kama gabansu, kuma suna da inda za su yi magana, domin Azikiwe ya riga ya mayar da jaridarsa Comet zuwa Kano tun 1949. Daga nan Arewa ta samu bakuna biyu, ɗaya a Kano yana caccakar sarakuna, ɗaya a Zariya yana kiran a bi a hankali.

Zaɓen 1951 shi ne na farko da ya game Arewa duka, kuma tsarinsa na bukatar bayani ga wanda ya saba da katin zaɓe da akwati. Hawa-hawa aka yi shi. Maza masu biyan haraji a ƙauye ko unguwa su zaɓi wakilai a fili, waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu, a haka har a kai matakin lardi, inda ake fitar da 'yan Majalisar Dokokin Arewa su 90. Daga cikinsu da Majalisar Sarakuna ake tura mutum 68 zuwa Majalisar Wakilai ta Ikko, rabin kujeru 136. Mata ba su da ƙuri'a, kuma ba su same ta a Arewa ba sai a shekarun 1970. Sannan doka ta ba En'e damar cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. Aikin fahimtar da jama'a wannan tsari mai sarƙaƙiya ya faɗo kan Gaskiya, kuma kalmomin siyasa da yawa da Bahaushe ke amfani da su yau ba tare da tunani ba a irin waɗannan shafuka suka zauna da gindinsu.

A matakan farko NEPU ta ba da mamaki, musamman a birnin Kano. Hankalin sarakuna da Turawa da 'yan boko masu sassauci ya tashi. Ranar 1 ga Oktoba 1951, ana tsakiyar zaɓe, aka ayyana Jam'iyyar Mutanen Arewa a matsayin jam'iyyar siyasa, wato NPC. Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka shigo, Dokta Dikko kuwa dole ya sauka, saboda likitan gwamnati ne kuma dokar aiki ta hana shi siyasa. Da aka kai matakin lardi, inda mutanen En'e ke da rinjaye, NEPU ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba, shi kansa Aminu Kano bai kai labari ba. Imam na cikin waɗanda suka yi nasara, ya shiga majalisar Kaduna, daga can aka tura shi ta Ikko.

A shekarar ce ya bar kujerar edita ya koma sashen littattafai na kamfanin. Ya yi daidai da ya bari, domin ɗan majalisa ba zai yi alƙalanci a kan muhawarar da yake ciki ba. Amma barinsa bai mayar da jaridar tsakiya ba. Da mulkin yanki ya koma hannun ministocin NPC, mai biyan kuɗin takarda ya tashi daga Bature ya zama jam'iyya mai neman a sake zaɓenta. A zaɓukan 1954 da 1956 da 1959, 'yan adawa sun ɗauki Gaskiya da Citizen a matsayin kakakin gwamnatin Kaduna, kuma da wuya a ce sun yi ƙarya. Shafin da talaka ke kai ƙarar hakimi ya rage kaifi, tunda hakimin ko ɗansa ne ɗan takarar jam'iyya. Wannan ba laifin Imam shi kaɗai ba ne, amma yana cikin gadonsa, kamar yadda buɗe shafin ke cikin gadonsa.

Zamansa a majalisa gajere ne. Yana Ikko a 1953 lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a titi, abin da ya kai ga rikicin Kano na watan Mayu. Matsayin da ya ɗauka shi kaɗai a Landan shekara 10 da suka wuce ya zama matsayin yanki guda. A shekarar ce kuma ya kawo ƙudurin a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, ya je aikin Hajji ya ga wahalar da suke sha da idonsa, ya dawo ya rubuta rahoto. Daga irin wannan yunƙuri hukumomin alhazai suka samo asali.

Siyasar jam'iyya ba ta dace da halinsa ba, bai kuma daɗe a cikinta ba. Ya yi aiki da hukumar NORLA, wadda aka kafa a 1954 don samar da abin karantawa ga waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Ita ce ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano da Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato da Bazazzaga a Zariya. Rashin kuɗi ya rufe ta a 1959, jaridun suka bi ta. Shi kuwa tun tsakiyar shekarun 1950 aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, a daidai lokacin da gwamnatin Sardauna ke aiwatar da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. Mutumin da ya ƙi sa hannu a 1943 saboda yankinsa ba shi da ma'aikata, shi aka ba aikin samo su. Da yawa daga cikin manyan sakatarorin da suka riƙe ma'aikatun Kaduna, wasunsu har Ikko, ta gaban teburin wannan hukuma suka wuce.

Bayan an raba Arewa jihohi shida a 1967 ya ci gaba da hidima a Jihar Tsakiyar Arewa, wadda ta haɗa Zazzau da Katsina. Da jihar ta buɗe ofishin karɓar ƙorafin jama'a a 1974, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta kafa nata da doka ta 31 ta 1975, Imam aka ba riƙonsa. Kusan aikin da ya fara da shi ne ya dawo masa a tsufa: talaka ya rubuto kukansa, shi kuma ya bi masa kadi, illa dai yanzu da ikon doka maimakon shafin jarida. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Bai daina rubutu ba, ya fi karkata ga addini da tarihi, kamar Tarihin Annabi Kammalalle.

Ita kuwa jaridar ta ci gaba da sauya iyayen gida. Ranar 1 ga Janairu 1966 New Nigerian ta maye gurbin Citizen a Kaduna, Gaskiya ta koma ƙarƙashin kamfaninta, kwana 14 kafin a kashe Sardauna. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe kamfanin ya zama na tarayya. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, tsohuwar rigimar NPC da NEPU ta dawo da sababbin sunaye. NPN ta karɓi tarayya, PRP ta Aminu Kano ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, kuma gwamnonin biyu na kallon jaridun Kaduna a matsayin na abokan hamayya. Abubakar Rimi bai tsaya ƙorafi ba, ya kafa wa Kano kamfanin Triumph a 1980, wanda ya riƙa fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami. Kowace gwamnati da bakinta, kowane baki kuma da ranar da za a daina ba shi abinci. Bayan an mayar da New Nigerian hannun gwamnonin Arewa 19 a shekarun 2000, bashin albashi da na fansho ya durƙusar da kamfanin, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɓace daga hannun 'yan talla.

Imam bai ga wannan ba. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Kwana huɗu bayan haka, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP. Tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, Abdurrahman Mora ya tace shi, aka buga a Zariya a 1989.